Gargaɗi ga malaman Zariya kan masu sayar da horon intanet da alkawarin aiki a ƙasar waje

Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan uwana malaman makaranta na Zariya da kewaye, na gwamnati da na makarantun kuɗi, saboda wata damfara da ta ci mutum huɗu a makarantar da nake koyarwa a zangon karatun da ya gabata, kuma saura ƙiris ni ma in zama na biyar. Ba zan kawo sunan da masu abin suka zo mana da shi ba, domin sun riga sun jefar da shi. Na ga tallar tasu ta sake ɓullowa a wani zauren WhatsApp na malaman Sabon Gari da sabon suna da sabon launi, amma lafazin yana nan yadda yake. Saboda haka siffarsu zan bayyana.

Abin yana farawa da takardar talla a WhatsApp, an jera tambarin UNESCO da na British Council da na Microsoft a samanta, alhali babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya san da zamanta. Takardar tana cewa an ware wa malaman Arewa gurabe a wani horon koyarwa da kwamfuta na mako shida ta intanet, wanda a ƙarshensa za a ba da satifiket da duniya ta amince da shi, a haɗa ajin malami da wani aji a Ingila ko Kanada, sannan a zaɓi masu ƙwazo a kai su can aiki. Horon kyauta ne, in ji su, kuɗin fom kawai za a biya, kuma gobe za a rufe. A wurinmu fom ɗin naira 7,500 ne. Wanda ya biya sai a sa shi a zaure, a riƙa turo masa bidiyoyin da kowa zai iya samu a YouTube, da taro guda ta Zoom wanda mai jawabinsa bai taɓa buɗe kyamara ba. A mako na uku aka nemi naira 25,000 ta satifiket, bayanta naira 60,000 ta abin da suka kira tantance takardu, daga nan kuma aka shiga maganar kafin alƙalami na biza. Wata malamar kimiyya, mace mai natsuwa wadda ba a san ta da garaje ba, ta kwashi adashinta gaba ɗaya ta tura musu. Ranar da mutane suka fara tambayar rasit aka kulle zauren, washegari aka watse shi, lambobin kuma har yau a kashe suke.

Na ji masu cewa kwaɗayi ne ya ja su, kuma ban yarda da wannan hukunci ba. Duk malamin da ya ga shekarar 2017 a jihar nan, lokacin da aka yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji aka ce 21,780 sun faɗi, aka kuma sallame su, ya san cewa tsoron rasa aiki ya zauna a zukatanmu. Tun daga lokacin kowa yake neman wata takarda da zai ƙara a fayil ɗinsa, ko ta tsare masa kujera ranar da aka sake zuwa tantancewa. Wannan tsoro 'yan damfarar suka karanta da kyau, shi ya sa suke rubuta cewa hukumar TRCN ta amince da kwas ɗin kuma za a lissafa shi wajen ƙarin girma. TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita doka ta ɗora wa yin rajistar malamai da ba su lasisi, kuma tana da ofis a Kaduna, tafiyar da ba ta fi ta safiya ɗaya ba daga Kwangila. Babu ɗaya daga cikinmu da ya je ya tambaya kafin a biya, har da ni da nake wannan rubutu.

Maganar Ingila kuwa an gina ta ne a kan abin da yake gaskiya, kuma irin wannan ƙarya ta fi wuyar ganewa. A watan Fabrairun 2023 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman shaidar ƙwarewa ta QTS, ga masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna a sakandare. Malami da kansa yake cike buƙatar a shafin gwamnatinsu mai ƙarewa da gov.uk, babu dillali a tsakani, kuma shaidar ba ta zuwa da aiki ko biza; sai mutum ya nemi makarantar da za ta ɗauke shi tukuna. Haka nan sun ce mana ta shirin eTwinning za a haɗa azuzuwanmu da na Turawa. Shirin yana nan tun 2005, amma na makarantun Turai ne da wasu maƙwabtansu irin su Tunisiya da Jodan, Najeriya ba ta cikinsa.

Abin da ya tsayar da ni shi ne lambar asusun. Da na sa ta a manhajar banki, sai sunan wani mutum ya fito, a ɗaya daga cikin bankunan nan na waya. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnati, hukumomin tarayya ta tsarin biyan kuɗi na Remita suke karɓar kuɗi, kuma duk wanda ya taɓa biya wa ɗansa kuɗin rajistar jami'a a Samaru ko Kongo ya san wannan. Da na yi magana, sai aka turo mini hoton takardar rajistar CAC a matsayin hujja. Wannan takarda shaida ce kawai cewa an yi rajistar sunan kasuwanci. Mai shagon siminti ma yana da irinta, kuma ba ta ba kowa ikon horar da malamai ko bayar da satifiket. Adireshin imel ɗinsu na Gmail ne, ofishin da suka ce suna da shi a Abuja kuma babu lambar gida a jikinsa.

Kuɗin da aka rasa shi ne ƙaramar asarar. A fom ɗin sun karɓi lambar NIN da ta BVN, da hoton takardun karatu, da takardar albashi, wato duk abin da ake buƙata a ci bashi da sunan ma'aikaci ba da saninsa ba. Wani malaminmu kuma an kira shi aka ce za a turo masa lambar shiga aji mai alƙaluma shida, ya karanto ta. Lambar sirrin shiga WhatsApp ɗinsa ce ya miƙa, kuma kafin la'asar an aika wa surukansa da iyayen ɗalibansa saƙon neman rance da sunansa. Duk wanda bai kunna kariyar nan mai mataki biyu a WhatsApp ba, ya kunna ta yau.

Ɓangaren da ya fi ci mini rai shi ne yadda tallar ta shigo mana. Wani dattijon malami ne ya kawo ta, mutumin da in ya ce abu ba ma neman shaida, an ruɗe shi da muƙamin wakilin shiyya da alkawarin naira 1,000 a kan kowane mutum da ya kawo. Shi ma ya biya, kuma bai ga ko sisi ba. Da abin ya fashe ya zo har ofishin malamai yana ce wa malamar kimiyyar nan, "Malama, ki yafe mini, wallahi ni ma ban sani ba," ita kuma ta ce, "Baba, ai tare aka cuce mu." Kunyar irin wannan ce take hana mutane faɗa, har 'yan damfarar su samu sararin wucewa makaranta ta gaba.

Takaicin shi ne abin da suke sayarwa akwai na gaske, kuma yawancinsa ba a biyan komai. Shirin TESSA na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya yana da darussan horar da malaman Afirka da ake saukewa kyauta, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda ke nan kan hanyarmu ta Kaduna tun 1976, tana cikin waɗanda aka yi aikin da su. British Council tana da shafin TeachingEnglish, Microsoft da Google suna da darussan malamai a shafukansu na ainihi, akwai kuma Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Shirin Fulbright na malaman sakandare, mai kai mutum Amurka na mako shida, ta ofishin jakadancinsu ake neman sa ba tare da kuɗin fom ba. Mai neman takardar da za ta yi masa amfani a fayil kuwa, ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da sashenta na karatu daga nesa a cikin garin nan, inda zai iya shiga da ƙafarsa ya ga wanda yake magana da shi.

Wanda ya riga ya biya, ya ɗauki hoton duk saƙonni da rasit tun kafin a goge zauren, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce da lambar asusun da kuɗin ya shiga, ya kuma sanar da su cewa BVN ɗinsa ta fita hannu. Daga nan a kai takarda ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, domin dokar zamba ta 2006 ta shafi irin wannan, kuma ƙorafin mutum goma a kan asusu ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi. Mutum huɗun nan namu sun haɗa nasu sun kai. Sabuwar tallar da na gani a wannan makon malaman Islamiyya ta nufa, an cire Ingila an sa Saudiyya da Ƙatar, don haka ina roƙon shugabannin makarantun Tudun Wada da Gyallesu da cikin birni su karanta wa malamansu wannan a taron ma'aikata na gaba.