Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Gombe: ku kula da mai da'awar gyara inji don tsere

Jama'a, ina rubuta wannan ne saboda abin da ya sami ƙanena a kan motarsa BMW E30 325i, wadda ya gada daga mahaifinmu kuma yake ji da ita ƙwarai.

Wani mutum ya shigo gari yana zagaya garejojin Tumfure da na hanyar Bauchi, yana nuna bidiyon motocin tsere a wayarsa, yana cewa shi ya haɗa injinansu a Legas. Ya yi wa ƙanena alkawarin ninka ƙarfin motar cikin mako biyu, ya karɓi rabin kuɗin aiki a matsayin kafin alƙalami, sannan ya tafi da motar wani kango da ya kira garejinsa.

A nan ya kamata a gane ƙaryarsa. Injin wannan mota, wato M20 mai silinda 6 da lita 2.5, ƙarfinsa na asali kusan doki 170 ne, kuma da wuya wani ya ninka shi ba tare da ya sa tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ya sake tsarin ba da mai ba, aikin da yake cin kuɗi da watanni. Abin da ya yi kawai shi ne ya fasa salansa domin motar ta riƙa ruri, ya fesa wa murfin inji jan fenti. Ƙara ba ƙarfi ba ce, amma matashin da ya ji motarsa tana ruri yana da wuya ya tsaya yin tambaya.

Babbar ɓarnar tana ƙarƙashin mota. Ya cire giyabos na asali, Getrag 260 mai giya 5, wanda samunsa da lafiya yake da wuya yanzu, ya ɗaura wani gajiyayye da ya wanke da fetur, ya ce giyar tsere ce. Ya kuma karɓi kuɗin sabon bel na tayimin bai sa ba, alhali a wannan inji idan bel ɗin ya tsinke fistan yana dukan bawul ya lanƙwasa su. Hakan kuwa ya faru bayan an karɓo motar, a kan hanya kafin a kai garin Kumo. Da aka neme shi, wayarsa a kashe, kangon kuma ashe aro ya yi.

Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, ya ɗauki hoton lambar inji da ta giyabos tukuna, ya tafi da bakaniken da ya saba da shi, a auna matsin kowace silinda a rubuta, a yi yarjejeniya a takarda gaban shaidu, kuma duk abin da aka cire a damƙa masa a hannu. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma muna roƙon duk wanda aka kawo wa tallar Getrag 260 da araha a 'yan kwanakin nan ya dakata da saye, ya sanar da su.