Ɓeran firiza: ya kwana a firij ko a tsoma a ruwan ɗumi?

Masu kiwon mesa a Jos, in ka ciro ɓera daga firiza don ka ba mesa, hanyar narkar da ƙanƙararsa biyu ce. Ko ka ɗaure shi a leda ya kwana a firij, wannan tafi tsafta don ƙwayoyin cuta basa saurin yaɗuwa a sanyi, amma fa sai da wuta kuma da safe dole ka ɗumama shi, mesa ɗumin jiki take bi. Ko ka tsoma ledar a ruwan ɗumi, yafi sauri, sai dai a hunturun Jos nan da nan ruwan ke hucewa kayi ta canzawa. Ni dai firij. Ka latsa cikin ɓeran, in da sauran tauri kar ka ba mesar, amayarwa zatayi. Banda tafasasshen ruwa, cikin fashewa yake.