Wasan kwaikwayo a koleji: rubutacce da Faransanci ko ƙirƙirarre da Hausa?

Malamin da ke koyar da wasan kwaikwayo a kolejojin Damagaram hanya biyu ke gabansa.

Rubutaccen wasa da Faransanci yana gyara lafazi, yana kuma taimakon masu shirin BEPC, jarrabawar kammala koleji. Sai dai yana cin takarda da lokaci. Kowane ɗan wasa na bukatar nasa kofin rubutun, kuma hadda kan cinye makonnin farko. Matsalar ita ce yaro ya haddace abin da bai gane ba: sai ka ga ya ƙame, hannu a baya, yana rero magana kamar karatun allo. Idan ya manta kalma ɗaya, wasan ya tsaya cik.

Ƙirƙirarre da Hausa ya fi sauƙin farawa, tunda yaran garin sun san wasan kara, wasan gargajiya na kwaikwayon manya. A raba aji rukunin mutum 6 zuwa 8, a ba kowane rukuni rikici ɗaya, misali layin ruwa a famfo, da minti 15 na shiri. Inda yake ɓaci, mai barkwanci ya mamaye fili, labari ya rasa ƙarshe. Maganinsa a rubuta fitowa uku a allo tun farko, a ƙayyade minti 5.

A ganinmu, ƴan aji shida (shekarar farko a koleji) su fara da Hausa, rubutacce ya jira aji huɗu (shekara ta uku).