Katako ko bulo? Amsa ga mai shirin gina masauki a bakin kurmi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa mai tambayar ko da katako zai yi ɗakunan baƙinsa ko da bulo a filin da ya samu ta wajen gandun dajin Ankasa, a kudu maso yammacin Ghana, ka yi da katako. Na ga mutum uku sun riga sun ce maka bulo saboda gara, kuma daga jin maganarsu ka san daga gida Arewa suke rubutu. Ni ma da wannan tunanin na zo Ghana, shi ya sa nake da ɗaki biyu na bulo da har yau ba su daina cin aljihuna ba.

Masaukina ɗaki shida ne, a kan hanyar da ta tashi daga Cape Coast zuwa gandun dajin Kakum. Yawancin baƙina gadar igiyar nan ce ke kawo su, wadda aka ɗaura tsakanin kawunan bishiyoyi tun 1995. Suna so su kwana kusa, su yi sammako kafin motocin 'yan makaranta su cika wurin da hayaniya. To mu nan ma muna kuka da ruwan sama, balle kai. Yankinku na Ankasa da Axim ya fi ko'ina a ƙasar nan samun ruwa. Babban abokin gabarka danshi ne, gara tana bayansa.

Ɗakunan katakon huɗu wani tsohon kafinta ɗan ƙabilar Fante ta nan yankin ne ya yi mini su. Da farko na raina shi, don ya ƙi ɗora ko falanki ɗaya a ƙasa. Sai da ya sa aka zuba ginshiƙan kankare tara a kowane ɗaki, tsayinsu ya kai ƙuguna, ya kifa wa kowanne hular ƙarfe mai baki a waje kamar an kifa faranti, sannan ya ɗora daɓen katako a kai. Rufin kuma ya fito da shi fiye da mita ɗaya ta kowane gefe. Na yi ta mita a kan kuɗin kwanon da ya tafi a banza, shi kuwa bai ko ɗago kai ba.

Daren da aka gama na farko, cikin watan Yuni ne, ni da uwargida muka ce bari mu kwana a ciki kafin mu sa baƙo. Aka kwana ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da asuba na sauko da ƙafa ina jiran sanyin nan mai naso da na saba ji a ɗakin bulo, sai na taka katako a bushe ƙayau. Na leƙa ta baranda, ruwa na gudu a ƙarƙashinmu ja wur, ya wuce abinsa. Zanin gadon da muka shimfiɗa ba ya warin komai. Uwargida ta ce ita fa ta tare, in je in nema wa baƙin wani wuri. Sai da muka yi sati biyu kafin na lallashe ta ta fita. Daga baya wata tsohuwa 'yar Jamus ta kama ɗakin na kwana biyu, ta ƙare da yin takwas, kullum tana baranda da madubin hangen nesa tana ƙirga manyan cilakowan kurmi. Fanka ce kawai a ɗakin, ba ta taɓa tambayar na'urar sanyaya ɗaki ba.

Maganar gara kuwa, a kurmi ba a hana ta zuwa. Abin da kake so shi ne ka gan ta tun tana hanya. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki tocila in zaga ƙarƙashin ɗakunan, ginshiƙi talatin da shida, minti goma. Gara ba ta tafiya a fili, sai ta gina ɗan layin ƙasa a jikin kankaren tana hawa, in ta iso hular ƙarfen dole ta fito ta zagaye ta. Ina gani in kankare layin, in bi shi zuwa gindi in zuba magani. A ɗakin bulo fa? Ta cikin tsagar daɓe da ramukan bulon take bi, ba ka da labari sai ranar da firam ɗin ƙofa ya burme a hannunka. Kada ka manta, ɗakin bulo ma katako ne ke riƙe da rufinsa.

Bulo dai ba ya cin wuta kuma yana tare sauti, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Ka yi kicin da sito da banɗakuna da shi. Nawa biyun nan duk damina sai bangon ya sha ruwa har gwiwa, fenti ya kumbura, fumfuna ta baƙanta bayan gado. Wani baƙo ya bar takalmin fata kwana huɗu a ƙarƙashin tebur, ya tarar da shi kore shar. Yanzu direbobin baƙi nake sa wa a ciki, a rabin kuɗi.

Katakon ma yana da nasa aikin, ban ce hutu ba ne. Duk shekara in hunturu ya ɗan leƙo a Disamba ko Janairu muna goge bangon waje mu shafa masa mai. Ba a kunna kyandir ko maganin sauro na hayaƙi a ciki, na rubuta na liƙa a bayan kowace ƙofa. Kuma kada ka haɗa ɗaki biyu da bango ɗaya, tarin maƙwabci ma sai an ji. Ka ware su, ka bar bishiya a tsakani.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma nan ne ake yanka baƙo. Duk abin da na faɗa a kan katakon kirki ne: odum, wanda mu muke kira loko, ko kusia, ko denya. Wawa kuwa, farin katakon nan mara nauyi, sunansa ma ya ishe ka gargaɗi. Yana da kyau a silin da kayan cikin ɗaki, amma in ya ga danshi ƙwari sun samu tuwo. Akwai 'yan kasuwar da ke rina shi ya yi ja-ja, su cusa shi tsakiyar lodi, na sama da na ƙasa odum na gaske. An yi mini haka a lodina na biyu, falanki goma sha ɗaya. Ka ɗaga kowane falanki da hannunka, nauyi ba ya ƙarya. Ka danna farce, in ya shiga ajiye shi. Ka sa a yanke ɗan bakin ka ga launin ciki. Ko a odum ɗin ma, farin gefen nan na kusa da ɓawo ba ya jure komai, kada ka biya shi kuɗin jan ciki. Ɗanye kuma kada ka yarda a buga shi, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska wata biyu ko uku, in ba haka ba bango zai buɗe har ka zura yatsa.

Za a kuma zo maka da yankan daji, wanda aka tsaga da zarto mai inji a cikin kurmi, da araha mai daɗin ji. Doka ta hana sayar da shi tun 1998, kuma jami'an hukumar gandun daji na tare motoci a hanya. Kai ga ka baƙo, ga ka a bakin dajin da ake tsaro. Ka saya a wurin masu injin da ke da rajista, ka karɓi takardun kayan ka adana. Odum yana da tsada kuma samunsa da takarda sai an sha wuya, ni kusia na yi daɓe da shi, bai ba ni kunya ba.

Abu na ƙarshe da ya sa na ƙara son katako: wanda ba ɗan ƙasa ba, tsarin mulkin Ghana bai ba shi hayar fili fiye da shekara 50 a lokaci guda ba, kuma rigimar fili tsakanin dangi ba baƙon abu ba ce a nan. Ka ce wa kafintanka ya haɗa ginshiƙai da dogayen katakan da noti, kada ya yi da ƙusa. In ta ɓaci, ɗakinka zai shiga bayan mota.

Ka fara da guda biyu, ka ga yadda za su ci damina ɗaya. In hanya ta biyo da kai Cape Coast ka yi mini magana, ka zo da tocilarka mu shiga ƙarƙashin ɗakin tare.