Na biya kuɗi an koya mini babur: abin da na samu da abin da ban samu ba

A Kano ba a saba biyan kuɗi don koyon babur ba. Yayanka ko abokinka zai ɗauke ka da yamma ya kai ka filin firamaren unguwa, ya nuna maka kuloci da giya, ya riƙe maka kariya ka ɗan zagaya, kafin a kira magariba ka zama gwani. Washegari an aike ka Kasuwar Rimi. Shi ya sa da na ce a ofis zan shiga makarantar koyon babur aka yi ta dariya har da riƙe ciki, wani ma ya ce in ba shi rabin kuɗin ya koya mini tsakanin azahar da la'asar.

Dalilina ba boyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 motata ta koma ta zuwa asibiti da gaisuwar surukai. Na yi ta jan ƙafa, daga baya dai na sayi Bajaj Boxer. Na haura arba'in, ina da iyali, kuma ƙashin mai shekaruna ba ya ɗoruwa da wuri kamar na yaro. Ga kuma maganar takarda: lasisin motata na rukunin B ne, shi kuwa babur rukunin A ne, ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya.

Samun makarantar ma sai da na sha yawo. Makarantun koyon tuƙi ga su nan birjik, amma da ka ce babur sai a dube ka kamar ka yi ɓatan kai. Wadda na samu tana ta wajen Titin Zariya, kuma ita ma mota ce sana'arta, babur ɗin ƙari ne. Mashina biyu gare su, Boxer da wata tsohuwar Jincheng, sai fili na aro a bayan wani gini da aka jera wa tsofaffin tayoyi da galan-galan cike da yashi. Abokan karatuna yawanci samari ne masu kai saƙo gida-gida, waɗanda kamfaninsu ya ce ba lasisi ba aiki. Akwai kuma wani yaro ɗan jami'a da mahaifinsa ya rantse ba zai miƙa masa makulli ba sai ya ga takarda.

Abin da ya sa kuɗina bai tafi a banza ba mutum ɗaya ne, malamin fili. Dattijo ne da muke ce wa Baba, tsohon ɗan acaɓa da ya ajiye sana'ar lokacin da aka hana ta a Kano cikin Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, kuma ba ya ɓoye inda ya samo ɗingishin. Ya ce ya yi kwanciyar da ta ishe shi a Asibitin Ƙashi na Dala, ba ya so ya je duba ɗalibinsa a can.

Ranar farko ko kik bai bari mun buga ba. Tura babur muka yi ta yi da hannu, gaba da baya, mu juya shi, mu ɗora shi a kan jak, mu sauke. Ya kwantar da shi ƙasa ya ce kowa ya ɗaga, sannan ya nuna mana yadda ake juya masa baya a ɗaga da ƙarfin cinya maimakon ƙugu. Sai duba iskar taya, baƙin mai, sakin sarƙa, fitila, sigina. Samarin nan suka fara gunaguni, don yawancinsu sun shekara suna hawa. Baba ya ƙyale su. Da aka zo hawa ya shata layi da toka ya ce tsere za a yi, amma wanda ya zo ƙarshe ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba shi ya ci. Nan ido ya raina fata. Wanda ya fi kowa cika baki bai yi taku goma ba ya dire ƙafa. Baba ya ce, "Ɗana, gudu ai babur ne yake yi, ba kai ba. Naka aikin a hankali yake." A wannan atisayen na gane amfanin rabin kuloci, wato wurin da injin ke fara kama taya, da yadda ake haɗa shi da ɗan totur da taɓa birkin baya don babur ya tsaya daram a cikin cunkoso. Duk mai bin Titin Gidan Zoo bayan la'asar ya san rabin tafiyarsa a haka take.

Sai maganar ido. Muna zagaya galan-galan cikin siffar lamba takwas, ni kuma idona na kan galan ɗin da nake tsoron bugewa, kuma shi nake bugewa. Ya ce, "Malam, inda ka kalla can za ka. Daina kallon rami, kalli hanyar da ke gefen ramin." Abu ne mai sauƙin faɗa, amma sai da aka yi ta maimaitawa kafin wuyana ya yarda ya riƙa juyawa tun kafin kan babur ya juya.

Darasin da ya fi kowane tsada shi ne na birki, kuma a kansa zan daɗe. Kusan duk wanda ya koyi babur a unguwa an gargaɗe shi da cewa kada ya kuskura ya taɓa birkin gaba, zai wuntsila da shi. Akwai masu sassauta shi da gangan, akwai waɗanda nasu ya tsinke tun bara ba su kai wa bakanike ba. Baba bai tsaya musu da kowa ba. Ya hau Boxer, ya taho da gudu daidai misali, da ya iso layin toka ya taka birkin baya kaɗai. Tayar ta kulle, ta ja ƙasa, bayan babur ya karkace, ya tsaya can nesa. Ya sa yaro ya ajiye dutse a wurin. Ya koma ya sake tahowa da gudu iri ɗaya, wannan karon ya kama na gaba da na baya tare. Inda ya tsaya da inda dutsen yake, tazarar ta ishi a ajiye adaidaita a tsakani. Filin ya yi tsit.

Bayaninsa shi ne, da zarar ka ci birki nauyinka da na babur gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa ta riƙe, ta baya kuma ta yi sakayau. Don haka mafi yawan ƙarfin tsayawa, kusan kashi 70 cikin 100, a gaba yake. Abin da ke kayar da mutane fizgar birkin ne lokaci guda cikin firgici. Ana matsa shi ne kamar yadda ake matse lemon tsami, a fara a hankali sannan a ƙara ƙarfi. Ya kuma ware inda ake yi masa ladabi: a kan yashi, a cikin kwana, ko kwalta mai jiƙa da ruwan farko na damina. Mun yi ta maimaita wannan tsayawa har yatsuna suka yi tsami. Lissafin da ya zauna mini a kai shi ne, a gudun kilomita 50 cikin sa'a, wanda shi ne iyakar da doka ta yanka a cikin gari, kana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙwaƙwalwarka ta ce wa hannunka kama, ka wuce tsawon mota uku. Tun daga ranar na daina manne wa bayan adaidaita.

Da muka fara fita titi da sassafe yakan biyo mu a baya da ɗaya babur ɗin, in an tsaya ya karanto wa kowa laifinsa. Ɗan adaidaita, in ji shi, hannun fasinja yake kallo a bakin titi, ba kai ba, don haka in ka ga an ɗaga hannu ka ɗauka ya riga ya tsaya. Game da tirela da tifa kuwa, in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai san kana duniya ba, kuma kada ka taɓa shiga ta ɓangarensa na dama a bakin kwana. Ya hana mu dogaro da madubi kaɗai, sai an waiga kafin a canja hannu. Wani abin da ba na jin akwai shi a littafin kowace ƙasa sai irin namu shi ne batun sutura. Ranar wata Juma'a na zo da babbar riga, ya sa na tattare ta na zauna a kai, ya nuna mini yadda gefenta ke lilo dab da sarƙa. Ya ce haka hijabi da zani ke shiga waya-wayar taya idan an yi goyo. Mai silifas kuwa gida yake mayar da shi, ba roƙo.

To, yabon ya tsaya nan. Sauran makarantar ba ta kai malaminta ba.

Hulunan kwanon da suke bayarwa abin kunya ne. Ɗaya igiyar haɓarta ta tsinke, ɗaya kuma irin ta leburorin gini ce, sai warin gumin duk wanda ya riga ka. Ta tuna mini farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don kauce wa kamu. A lokacin dariya muka yi. Amma makarantar da ke karɓar kuɗi don koyar da kiyaye rai bai kamata ta tsaya kusa da ƙwarya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100, kuma hular da ba a ɗaure ba ita ke fara barin kai kafin mutum ya kai ƙasa. Na sayi tawa tun a makon farko. Kai ma ka je da taka.

Darasin aji kuwa cika sharaɗi ne kawai. An haɗa mu da masu koyon mota a ɗaki ɗaya, wani matashi ya tsaya gaban allon alamomin hanya da rana ta kode, yana karanto su da Turanci. Rabin samarin saƙon nan ba su bi shi ba, kuma ba wanda ya damu. Da aka fito Baba ne ya zauna a gindin darbejiya ya sake yi musu bayani da Hausa, aikin da ba a biya shi don shi ba. Ba a koya mana tuƙin dare ba, ba a ce komai kan ɗaurin kaya ba, alhali yawancin ɗaliban da kaya za su ci abinci. Jincheng ɗin nan madubinta ɗaya ne, a makarantar da ake koyar da duba madubi. Lokaci ma na shan wuya: a ce ƙarfe bakwai, sai takwas ta gota ana jiran wanda ya tafi da makullin ofis. Sannan bayan na biya kuɗin da aka ce shi ke nan, sai ga "kuɗin mai" ya ɓullo a kowace fita titi. Ba yawa gare shi ba, ɓoye shi da aka yi ne ya ɓata mini rai.

Saura lasisi. Akawun makarantar ya ja ni gefe ya ce, "Yallaɓai, ka kawo kaza mu yi maka komai, ba sai ka wahala ba." Kuɗin da ya faɗa ya ninka na gwamnati fiye da sau biyu, kuma daga yadda ya kashe ido na fahimci har gwajin za a tsallake mini. Na ce a'a, na bi da ƙafata, kuma hanyar ba ta da wani sirri. Hukumomi uku ne ke da hannu a ciki: Hukumar Kiyaye Haɗurra, jami'an duba ababen hawa na VIO masu gwaji, da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Sai ka cika shekara 18, kana da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ka cike fom a intanet, ka biya kuɗi, wanda tun watan Yunin 2025 ya koma naira 7,000 na shekara uku ko 11,000 na shekara biyar ga rukunin babur. Daga nan VIO su gwada ka, a ɗauki hotonka da zanen yatsu, a ba ka na wucin gadi mai aiki kwana 60 kafin katin ya fito. Gwajin bai ba ni tsoro ba, don abin da Baba ya sa mu yi a kan layin toka ya fi shi zafi nesa ba kusa ba.

Abin da ya ba ni takaici shi ne wasu daga cikin samarin sun karɓi tayin akawun, kuma da suka ji takarda na tafe suka daina zuwa fili tun kafin a kai darasin birki. Makarantar ba ta neme su ba, tunda kuɗi ya shiga.

Wa zan ce ya je? Duk wanda bai taɓa hawa ba, musamman irina da girma ya fara kamawa, da uban da ke shirin saya wa ɗansa roba-roba don zuwa makaranta. Wanda ya shekara goma yana hawa ma, in har yana cikin masu tsoron birkin gaba, zai ci ribar kuɗinsa a zama biyu. Amma kada ka biya a ofis kafin ka je fili. Ka tsaya ka ga wanda zai koyar, ka ga ko ana atisayen tsayawar gaggawa ko zagaye kawai ake yi, ka duba birki da madubin baburan. Ka tambaya ko kuɗin mai na ciki, a rubuta maka a rasit. In sun yarda, ka yi darussan ƙarshe da naka babur, don kamun birkin kowane daban ne. Ni sun yarda, bayan na yi alƙawarin man daga aljihuna zai fito.