Tsohuwar Hilux ko Peugeot 504: amsa ga ƙanenmu mai son tayar da mota

Ƙanena, ka ɗauki Hilux ɗin. Tsakanin mai dizal ɗin nan da ka ce ta shekara biyu a ajiye a unguwar Aboabo nan Kumasi da Peugeot 504 da aka yi maka tayi da araha, ba sai na yi dogon tunani ba, domin dukkansu sun ratsa hannuna.

Ina da shekara 17, daidai shekarunka yanzu, ina yaron masta a Suame Magazine, babbar unguwar makanikai da masu kayan gyaran mota ta Kumasi a Ghana, kawuna ya ce in har zan iya tayar da tasa, ta zama tawa. Hilux ce ƙirar 1992 mai injin 3L, lita 2.8, tana kwance gindin mangwaro a bayan gidanmu a Asawase, har kaji sun mai da bayanta wurin saka ƙwai. Na ɗauka aikin wata biyu ne. Wata goma sha huɗu na yi a kanta.

Abin da zai fara karya maka zuciya ba injin ba ne, noti ne. Duk wanda ka ɗora wa sifana tsatsa ta riga ta cinye shi. Ka jiƙa shi da mai, ka kwana, ka dawo da safe ka murɗa, sai kansa ya gutsure ya bar gindin a ciki. Akwai guda ɗaya a jikin sifirin na baya da ya cinye mini kwana uku, sai da mai walda ya zo ya gasa shi da wuta. Bayan noti sai kuɗi. Yaron masta ba shi da albashi, ɗan abin da aka miƙo maka na abinci shi za ka raba biyu. Na yi watanni ina shan koko da ƙosai da safe, in haƙura har dare, don in tara kuɗin lagireto. Abokaina na wucewa zuwa ƙwallo ran Lahadi, ni ina ƙarƙashin mota ƙasa na zubo mini a ido. Sau biyu na wanke hannu na ce na bar ta.

Abin da ya hana ni bari shi ne duk abin da na nema na same shi. Daga gareji zuwa shagunan kayan gyara tafiyar ƙafa ce, kuma ba layin da za ka shiga a Magazine ka ce 3L a ce ba a sani ba. In sabo ya fi ƙarfinka, akwai na hannu da aka ciro daga wata motar. Injin kuma ba kwamfuta a jikinsa, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, duk fitan da ya kwana biyu a sana'a zai iya nuna maka. Ranar da ta tashi ba zan manta ba. Bayan la'asar ne, mun gama fitar da iska daga layin mai, hannuna har ya yi tsami don danna famfo, samari huɗu suka tura ta gangare. Ta yi tari sau biyu, ta fesa baƙin hayaƙi, sai ƙarar ta daidaita. Mahaifiyata ta fito da zane a kafaɗa, ta dafa gaban motar ta yi addu'a. Da na cika 18 na karɓi lasisi, da ita na riƙa ɗauko doya da masara daga Ejura, kuma har yau tana ƙofar gidana.

Kada ka ɗauka ba ta da aibi. Injin 3L ba ya yafe zafi. In lagireto ya toshe ka ci gaba da tafiya, kan injin yana tsagewa, kuma a nan kuɗi yake. Kafin ka biya ko sidi ɗaya, a tayar da ita tana sanyi, a buɗe murfin lagireto ka tsaya ka duba. In ruwan na kumfa ba ƙaƙƙautawa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to ko gasket ya tafi ko kan ya tsage. Bel ɗin taimin kuma ana canza shi duk kilomita 100,000, amma motar da ta shekara biyu a tsaye ka canza shi kawai, don in ya tsinke fistin na dukan bawul.

Ita Peugeot, na yarda tana da laushi a hanya, kuma kafiretarta na da daɗin koyo. Amma a Kaduna aka riƙa haɗa ta, can Najeriya ne kasuwar kayanta, an kuma daɗe da daina ƙera ta. Na sayi ɗaya don arha, ta fi daɗewa a gareji tana jiran mai zuwa Legas fiye da yadda ta yi a kan titi, ƙarshenta masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ɗauke ta.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, don ni an cuce ni. Lokacin da kan injina ya nuna tsaga, na kwashe tarin wata biyar na sayi wani a hannun wani mai shago da ya rantse mini daga waje ya zo. An wanke shi fes, an fesa masa fenti. Sati biyu da ɗaurawa ruwa ya fara sauka, muka kwance, ashe walda aka yi wa tsagar aka goge. Da na mayar, ya ce bai taɓa ganina ba. Yaro in ya shiga shago shi kaɗai, farashinsa daban, kayansa ma daban. Ka tafi da masta ko wani babba, kuma kan injin na hannu a gwada shi da matsin ruwa kafin kuɗi ya bar aljihunka.

Mai sayar da motar ma haka. Ka riƙe ƙaramin maganaɗisu ka bi jikinta, inda ya ƙi kamawa foti aka cika. Ka shiga ƙarƙashi da guduma ka ƙwanƙwasa shasi, musamman wajen da sifirin na baya ya kama, domin motar da ta zauna Tema ko Takoradi iskar teku ta ci ta daga ciki. Bodi ana gyarawa, ruɓaɓɓen shasi kuwa ka bar musu abinsu. Lambar shasi ta dace da ta takarda harafi da harafi. Kada ka yarda da "takardun na wurin yayana, zan kawo". Ka ce a je DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, tare a sauya suna, kuma tunda ba ka kai 18 ba, mahaifinka ya tsaya a kan maganar takardu.

In ta tsallake waɗannan, ka saya. Ka fara da lagireto, bel da birki, fenti ya jira har ƙarshe. Ka sanar da ni ranar da za ku je Aboabo, in Allah ya yarda zan zo da abin gwada matsin injin mu duba ta tare.