POS ɗin da ya rufa mini asiri a 2023 shi ya cinye mini kasuwar azumi

Da kafin azumin 2025 wani ya tambaye ni wane POS zai karɓa, da har rakiya zan yi masa zuwa wurin wakilin kamfanin da nake amfani da injinsu. Mutanen da na kai musu a layinmu na Kantin Kwari suna da yawa, kuma ko kuɗin shayi ban taɓa karɓa a kai ba. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba tun da maganarmu ba ta ƙare ba, amma duk mai shago a Kano ya san 'yan kalolin injinan da ke kan kantocinmu, cikinsu ne.

Na karɓi injin a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya ɗaure kowa. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa babu su a gari. Kowa ya koma tiransfa lokaci guda, manhajojin bankuna suka kasa ɗauka. Mutum zai tura maka kuɗi da hantsi, sai bayan isha'i su shigo, idan ma sun shigo. Kaya a ƙulle a gaban shago, kwastoma yana rantsuwa an cire masa, kai kana ta shafa waya. A wannan yanayi wannan ɗan injin ya yi mini abin da ba zan manta ba: kafin mai turawa ya mayar da wayarsa aljihu ya yi ƙara, ya nuna suna da adadi, ya fito da risit. Maƙwabtana biyu ta asusuna suka riƙa karɓar kuɗinsu har aka fita daga wannan masifa. Maganar alat ɗin bogi ma ta mutu a shagona, domin yaran sun san in injin bai yi magana ba kaya ba sa fita, ko da mutum ya nuna saƙo goma a wayarsa. Batiri yana kai mu har tashi, sabis ɗinsa bai cika ɗaukewa ba, cajin da suke cira kuwa ban taɓa zama na yi lissafinsa ba.

Saboda wannan yarda ce a hankali na mayar da jarina gaba ɗaya cikin asusun. Daga nan nake biyan dila, daga nan nake sallamar yara, har kuɗin makarantar 'ya'yana.

Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, kuma ɗan Kwari ya san goman farko ita ce kasuwa, domin daga tsakiyar wata teloli ke rufe karɓar ɗinkin Sallah. A cikin wannan goma wani mutum ya shigo da hantsi, tsaf da shi, farar shadda da agogo, ba ka ce yana da damuwa ba. Ya ce lefe ake haɗawa, biki bayan Sallah. Aka sauke masa atamfofi da leshi da shaddar mata, yana zaɓa yana ɗaukar hoto, wai yana tura wa Hajiya ta ga kala. Wannan kullum ana yi. Ya ɗauki hoton lambar asusun da ke manne a bango, ya ce zai je ya dawo. Bayan la'asar ya dawo ya zauna a kan benci, muna hira a kan tsadar sukari, sai injin ya yi ƙara: naira 640,000, cif yadda muka yi ciniki. Sunan mace ne ya fito. Na karanta masa sunan, ya ce, "Ita ce, Alhaji, matar yayana ce, lefen ɗanta ne." Duk wanda zai ce me ya sa aka ba shi kaya alhali ba sunansa ba ne, to bai taɓa sayar da kayan lefe ba. Kuɗin lefe daga asusun uwa ko gwaggo ko yayar ango yake fitowa, mai zuwa kasuwa ɗan aike ne kawai. Ɗan dako ya ɗauka ya kai masa bakin titi, ya hau adaidaita.

Washegari na zo zan tura wa wanda nake sarin kaya a wurinsa kuɗin dila biyu da ya ajiye mini, manhaja ta ƙi. Na ɗauka sabis ne. Na gwada tura dubu ɗaya zuwa wayar yarona, ta ƙi. Kati ya ƙi. Wani ɗan rubutu ne kawai da Turanci a sama, wai an taƙaita asusun, in tuntuɓi masu kula da kwastoma. Babu saƙo tun dare, babu kira, babu dalili. Kuma ba 640,000 suka riƙe ba, duk abin da ke ciki ne, sama da miliyan 3, kuɗin da na tara takanas saboda wannan wata.

Abin da ya fi ƙona mini rai, injin bai daina karɓa ba. Wannan kulle da ma'aikatan banki ke kira PND haka yake: kuɗi na shiga, ba ya fita. Ina can gefe ina fama da waya, yaran suna ta ciniki, injin yana ta ƙararsa ta murna yana haɗiye kuɗi. Kafin in farga in ce a cire shi daga kanta, wasu dubban ɗaruruwa sun bi sahu. Kuma naira 50 ɗin nan da gwamnati ke cira a kan duk tiransfa ta dubu goma zuwa sama, wadda irin waɗannan kamfanoni suka fara cirewa a Disambar 2024, ita dai ba a taƙaita ta ba. Tana fita abinta.

Sai kiran waya. Murya ce ta na'ura, danna ɗaya, danna biyu, sannan kiɗa, a cikin azumi, kati yana ta zuba, ga shi da ma ba a daɗe da amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari ba. In an ɗauka, yarinya ce mai ladabi da Turanci mai sauri, ta ce ta fahimci damuwata, ta ba ni lambar ƙorafi, ta ce in jira saƙo. Gobe ka kira, wata ce daban, ka sake labari daga farko, ta ba ka wata lambar. Na tambaya ko akwai mai jin Hausa, aka ce za a haɗa ni, layi ya yanke. Kamfanin da injinansa suka cika Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau, a ce ba zai iya ajiye mai amsa waya da Hausa ba a lokacin da jarin mutum ke maƙale? Ni na yi sakandare, ina kamo abin da take faɗa. Dattijon da ke kusa da ni da karatun allo kawai ya yi fa?

Wanda ya fitar da ni daga duhu shi ne yaron kamfanin da ya kawo mini injin tun farko, kuma dole in yaba masa. Da bakin azumi ya zo a kan babur ɗinsa, ya zauna ya yi ta kiran na sama da shi har ya samo dalili. Matar da sunanta ya fito ba ta san ni ba, ba ta san mutumin ba. A Gombe take. Hotunan kayana ta gani a wani shafi na Facebook da ya buɗe da sunan shago, suka yi ciniki ta WhatsApp, ya ba ta lambar asusuna a matsayin tasa. Ta biya, ya zo ya kwashi kayan a hannuna, ya kashe waya. Da ta ga an rufe ta sai ta garzaya bankinta ta ce an damfare ta, bankin ya rubuto wa kamfanina, su kuma suka datse komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi yana can da akwati guda na kaya, ni da ita aka bari muna kallon juna.

Na ce wa yaron to su riƙe kuɗin da ake rigima a kai mana, su sakar mini saura. Ya ce, "Wallahi Alhaji ba a hannunmu yake ba, Legas ce ke buɗewa." Ofishinsu na Kano ma haka suka ce, bayan na yi zaman layi da masu neman a gyara musu fin. Aka lissafa mini takardu: risit ɗin shago na wannan ciniki, BVN da NIN waɗanda suke da su tun tuni, takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da na yi a 2024 lokacin da aka sa wa masu POS wa'adin 5 ga Satumba, rahoton 'yan sanda, da takardar rantsuwa daga kotu. Allah Ya taimaka kyamarar maƙwabcina ta ɗauki mutumin yana fita da ɗan dako a bayansa, aka haɗa har da wannan. Na kai duka. Aka ce ana dubawa.

A ofishin 'yan sanda ne aka haɗa ni da matar a waya. Ba ta bari na gama sallama ba ta fara, ta ce Allah Ya isa, kuɗin adashinta ne na shekara, ta sayar da tumakinta ta cika. Na ce, "Hajiya, don girman wannan wata ki saurare ni." Da aka tura mata bidiyon ta yi shiru, can ta ce, "Bawan Allah, ashe kai ma cutar ka aka yi." Daga ranar ban ƙara jin haushinta ba. Da ni ne ma banki zan ruga.

Har kamfanin ma akwai inda nake yi musu uzuri. A Afrilun 2024 Babban Banki ya dakatar da wasu manyan kamfanonin irin wannan daga buɗe wa sababbin mutane asusu, saboda zargin ana bi ta cikinsu da kuɗin da ba a san asalinsu ba, sai wajen Yuni aka sake su. A ganina tun daga nan suka zama masu tsoro, ko wane banki ya yi tari sai su kulle tukuna, tambaya daga baya. Kuma in kuɗinka aka sata, kai ma za ka so a datse asusun da suka faɗa kafin a kwashe. Wannan na yarda. Amma tsoron hukuma bai hana a aiko wa mutum saƙo ba. Bai hana a ware adadin da ake ƙorafi a kai ba, tun da daga baya abin da suka yi ke nan, ashe ana iyawa. Suna da tarihin cinikina na shekara biyu a gabansu, sun ga daga inda kuɗi ke zuwa da inda suke tafiya, sun san mai shago ne. A cikin wannan hali fa, ina zaune shago ya yi rabi babu kaya, saƙonsu ya shigo, gabana ya faɗi na ɗauka an buɗe. Ashe talla ce: na cancanci rance saboda kyawun cinikina, in danna nan. Kuɗina a hannunku, kuna tallata mini bashi da ruwa, a watan Ramadan!

Dilolin nan biyu an sayar wa wani. Alhajin da nake sari a wurinsa ya yi mini kara, ya ce, "Na san halinka, ɗauki ɗaya ka kawo in an buɗe," amma kalolin da ake rububi sun riga sun tafi. Kwastomomina na Maraɗi da Zinder da ke zuwa sari sau ɗaya kafin Sallah sun leƙo, sun ga kanta a rame, sun wuce gaba. Yaran shago da 'yan dako kullum da yamma sai an ba su na buɗa baki, wannan ba ya jiran Legas. Bashi na ci a wurin ƙanena na riƙa sallamar su.

Wani ɗan'uwa ma'aikacin banki ne ya gaya mini ƙa'ida: in ka kai ƙorafi a rubuce aka yi mako biyu ba a warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastoma na Babban Banki. Ya rubuta mini takarda da lambobin ƙorafin da na tara, muka aika, muka ba kamfanin kwafi. Ba a daɗe ba aka buɗe asusun, aka bar 640,000 a daskare. Ko takardar ce ta yi aiki ko lokacinsu ne ya yi, su suka sani, domin buɗewar ma ba su sanar da ni ba, yarona ne ya gwada sayen kati ya ga ya tafi. Lokacin teloli sun rufe karɓar ɗinki.

Injin yana nan kan kanta, ban mayar ba, domin har gobe wajen saurin shigar kuɗi ban ga kamarsa ba, kuma kwastoma ba ya son jira. Mai shagon kayan masarufi ko mai abinci da cinikinsa dubu biyu ne, dubu biyar ne, zai ji daɗinsa. Ni dai ba ya kwana da kuɗina yanzu: kafin a rufe shago nake kwashe komai zuwa banki, inda aƙalla akwai manajan da zan tsaya a gabansa. Babban ciniki kuma in suna ya bambanta, sai an kira mai asusun ta bidiyo ta ga shagon, ta ga fuskar wanda ta aiko. Wasu na jin haushi, wata ma ta ce na mayar da ita ɓarauniya ta fasa sayen. Takardar risit ɗinsu ma, tun da ana magana, wata biyu a aljihu rubutun ya goge, sai ka ɗauki hotonta.

Dattawan layinmu sun ba da shawara a raba asarar biyu tsakanina da Hajiyar, mun amince, mun rubuta mun sa hannu da shaidu. Kamfani ya ce ba zai saki ko naira ba sai da umarnin kotu. Lauyan da na tuntuɓa ya faɗi kuɗinsa, na ce ya bari sai bayan Babbar Sallah.